Muhawara: Yaro yana son karatun injiniyan ruwa, ina zai dosa, me zai tarar?

Malam Garba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba sanin abin. Ɗan wajena, Sadiƙu, yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma lokacin cike takardar JAMB ya ƙarato. Ya kafe cewa shi karatun injiniyan ruwa yake so, wanda ake koyon yadda ake tsara tafiyar ruwa a kanal da madatsa da bututu. Ni manomin shinkafa ne a nan ƙasar Auyo, na san ruwa ta fuskar ban-ruwa, na kuma san shi ta fuskar ambaliya, amma ban taɓa zaton akwai wanda zai shekara biyar a jami'a yana karanta shi ba. Shin karatu ne mai tushe, ko kuwa haƙar rijiyar burtsatse ce aka ba babban suna? Wace jami'a take koyar da shi, kuma idan ya gama wa zai ɗauke shi aiki?

Alhaji Sale: Wa alaikumus salam Malam Garba. Ni dai shawarata, idan yaron yana da ƙoƙari a kimiyya, a tura shi fannin lafiya. Zamanin gina madatsun ruwa ya wuce tun lokacin marigayi Audu Bako. An gama Tiga a 1974, an gama Calawa a 1992, daga nan wace babbar madatsa aka sake ginawa a kan kogunanmu? Ba na son yaro ya gama wahala ya dawo gida da takarda babu wurin kai ta.

Injiniya Rabi'u: Allah ya ƙara girma Baffa Garba, Alhaji barka da war haka. Wannan fanni shi na karanta, kuma da shi nake cin abinci, saboda haka bari in ɗan tsawaita.

Karatu ne mai tushe, kuma reshe ne na injiniyancin gine-gine. Tambayar da yake amsawa guda ce, ko da yake tana da rassa da yawa: ruwa nawa ne, daga ina zai taso, da wane gudu zai tafi, kuma wace irin hanya ce za ta ɗauke shi ba tare da ta fashe ko ta cike da laka ba? Mai haƙar burtsatse yana neman inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa, wannan kuwa ilimin ƙasa da duwatsu ne ya fi ƙarfi a cikinsa. Shi injiniyan ruwa aikinsa yana farawa ne daga lokacin da ruwa ya soma motsi.

Game da jami'o'i, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashe na musamman na injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli, wanda ɗalibi zai shiga kai tsaye. Jami'ar Maiduguri ta haɗa gine-gine da albarkatun ruwa a sashe ɗaya. A Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, yaro zai iya shiga injiniyancin gine-gine, a ciki zai yi darussan ruwa, sannan ya zaɓi aikin kammalawarsa a kan ruwa. Wanda hankalinsa ya fi karkata ga ban-ruwa kuma yana iya bi ta injiniyancin aikin gona. Duka shekara biyar ne, kuma a JAMB Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri zai rubuta.

Alhaji, maganarka tana kan hanya cewa an daɗe ba a gina irin Tiga ba. Sai dai madatsa ba a gina ta a juya mata baya. Wadda ta haura shekara 50 tana buƙatar mai duba jikinta, mai auna lakar da ta taru a cikinta, mai lissafin ruwan da za a saki wa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam da rani, da wanda za a bari ya gangaro mana nan Auyo har ya wuce Nguru da Gashuwa. Bagauda ta ɓalle a 1988, Alau ta ɓalle a kan Maiduguri a watan Satumba na 2024. Duk wanda ya ga abin da ya biyo baya ya san cewa kula da tsohuwar madatsa ya fi gina sabuwa neman ƙwararru.

Malama Hadiza: Ina so in ƙara abu ɗaya a matsayina na mai koyar da Fiziks a sakandare. Yara da yawa suna son sunan injiniya, amma ba su san cewa shekara biyun farko kusan duk lissafi ne ba. Baffa Garba, kada ka tambayi Sadiƙu ko yana son ruwa, ka tambayi malaminsa na lissafi yadda yake yi idan aka ba shi tambayar da bai taɓa ganin irinta ba. Idan yana zama da ita har ya warware, to ya dace da fannin. Idan haddar amsoshi ya saba, ya gyara tun yanzu, domin a can ba ta ceton kowa. Kuma dole ya samu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri.

Kawu Ɗanladi: Ku yi mini haƙuri, ni ban yi boko mai zurfi ba, jikana ne yake rubuta mini. Ina zaune a ƙasar Guri, kuma tun ina yaro nake kallon wannan kogi. Kafin a gina madatsun nan mun san lokacin zuwan ruwa, mun san lokacin janyewarsa. Yakan malala a fadama, mu yi shinkafa, idan ya ja baya mu bi sawunsa da wake da sauran amfanin rani, makiyaya su samu ciyawa, masunta su samu kifi. Yanzu ciyawar kachala ta cinye hanyoyin ruwa, inda ake son ruwa babu, inda ba a so ya kwanta shekara guda. Masu ilimin ne suka tsara wannan. To in tambaya, wane amfani iliminsu ya yi mana da za mu ƙara tura 'ya'yanmu su koyo shi?

Injiniya Rabi'u: Kawu, Allah ya ja kwana. Abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma yau ana koyar da shi a aji a matsayin darasi. Da can kogin Haɗeja yakan cika da damina ya ƙafe da rani, wannan ƙafewar ita take kashe kachala. Da aka tare kogin Kano a Tiga, aka tare na Calawa a ƙasar Ƙaraye, sai ya zama ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, babbar cikar da take wanke hanya kuma ta ragu. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa, shi ne abin da kachala take so. Da ta tsiro sai ta rage gudun ruwan, da gudu ya ragu sai lakar da yake ɗauke da ita ta kwanta, da laka ta kwanta sai hanya ta ƙara cikewa, kachala ta ƙara samun wurin zama. Haka hanyoyi irin su Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin Haɗeja suka toshe, ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru.

Waɗanda suka tsara madatsun sun yi lissafin gonakin da za a shayar a sama da ruwan shan birnin Kano, kuma ta wannan fuska aikin ya yi amfani mai yawa, duk mai cin tumatir da shinkafar Kura shaida ne. Abin da bai samu kulawar da ta kamata ba shi ne rayuwar mutanen ƙasan kogi, irinku. A ganina dalilin tura Sadiƙu ke nan. Yaron da ya tashi yana ganin kwale-kwale ya kasa ratsa kachala ba zai zauna a teburin rabon ruwa ya manta da Guri da Kiri Kasamma ba.

Kawu Ɗanladi: Na ji bayaninka ɗana, kuma ya yi daidai da abin da idona ya gani. Amma ban gamsu cewa duk wanda ya fito daga cikinmu zai tuna da mu ba. Mun ga waɗanda suka tafi ba su waiwayo ba. Allah ya sa shi ya zama daban.

Nafi'u: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ina aji huɗu a injiniyancin gine-gine, kuma yanzu haka ina horon sanin makamar aiki na wata shida a wani wurin ban-ruwa. Bari in faɗa wa ƙanena Sadiƙu abin da zai tarar.

A aji biyu zuwa uku za a fara da halayen ruwa: nauyinsa, matsinsa, da yadda yake gudu. Za ka koyi cewa duk zurfin mita 10 na ruwa yana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu gaba ɗaya, shi ya sa gindin madatsa yake da kauri fiye da samanta. Za ka haɗu da ƙa'idar Bernoulli, wanda ya wallafa ta tun 1738, wadda take nuna cewa tsayi da matsi da gudu abu ɗaya ne yake sauya kama, idan ɗaya ya ƙaru wani ya ragu. Daga nan sai tafiyar ruwa cikin bututu, sai tafiyarsa a buɗaɗɗiyar hanya irin kanal da kogi, sai ilimin ruwan sama da yadda yake taruwa ya zama kogi, sai tafiyarsa cikin yashi da ƙasa bisa ƙa'idar Darcy ta 1856. A ƙarshe ake zuwa zanen gine-ginen ruwa kansu: mafitar rarar ruwa ta madatsa, ƙofofin rabo, kwalbati, da magudanan gari.

Ga aikin da aka sa mu, wanda kai ma za ka iya yi gobe a ƙaramin kanal na gonar Baffa. Ka sami wuri miƙaƙƙe, ka auna mita 10 a gefensa, ka kafa tsinke a farko da ƙarshe. Ka auna faɗin ruwan da zurfinsa da sanda. A ce faɗin mita 1 ne, zurfin rabin mita, to fuskar ruwan rabin murabba'in mita ke nan. Ka jefa guntun kara a sama da tsinken farko, ka duba agogon waya. Idan ya ci mita 10 ɗin cikin daƙiƙa 20, gudun saman ruwa rabin mita ne a daƙiƙa. Amma ruwan ƙasa da na gefe ba ya kai na sama gudu saboda yana gogar ƙasa, don haka ake ɗaukar kimanin kashi 8 cikin 10, ya zama mita 0.4. Ka ninka da fuskar ruwan, ka samu lita 200 a kowace daƙiƙa, wato lita 720,000 a awa ɗaya. Hekta ɗaya kuwa tana buƙatar lita 500,000 kafin ruwa ya kwanta mata santimita 5. Ka ga da kara da sanda da agogo ka san tsawon lokacin da ya kamata gona ta sha, kafin a cire wanda ƙasa take shanyewa a hanya.

Malam Garba: Ikon Allah. Mu da ido muke kintata wannan, kuma a kansa ake yawan samun saɓani tsakanin na bakin kanal da na ƙarshensa. Na farko ya ce bai ƙoshi ba, na ƙarshe ya ce an hana shi. To Nafi'u, me ya sa kanal ɗaya, ƙofa ɗaya, amma bana ruwan ba ya isa ƙarshe kamar yadda yake isa shekarun baya?

Nafi'u: Baffa, wannan Yaya Rabi'u ya fi ni iya bayaninsa.

Injiniya Rabi'u: Amsar tana cikin lissafin da wani injiniyan ƙasar Ayalan mai suna Manning ya fitar a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da shi ake zana kusan kowane kanal. Ya nuna cewa abu uku ne suke yanke yawan ruwan da hanya za ta ɗauka: girmanta da siffarta, gangararta, da kaushin jikinta. Kanal mai daɓen siminti santsi gare shi. Na ƙasa zalla, mai girma ɗaya da gangara ɗaya, abin da zai ɗauka bai wuce rabin na simintin da kaɗan ba. Idan ciyawa ta cika shi kuma sai ya sake raguwa da rabi ko fiye. Saboda haka Baffa, ko ba wanda ya saci ruwa, kanal ɗin da ba a yashe ba, ba a nome ba, ba zai kai ruwa ƙarshe ba. Zai kumbura ne a sama ya tsallake baki, na ƙarshe kuma ya zauna da busasshiyar gona yana zargin maƙwabcinsa.

Gangara kuma ita ce wahalar ƙasarmu. Daga Wudil zuwa ƙasa shimfiɗe take, kuma gudun ruwa ba ya ninkuwa biyu sai an ninka gangara sau huɗu. Idan gudun ya yi kaɗan laka ta kwanta, idan ya yi yawa ya cinye gefen kanal. Aikin mai zane shi ne ya samo tsakanin nan, kuma kuskuren 'yan santimita a awon ƙasa yana iya sa ruwa ya ƙi shiga gona gaba ɗaya. Shi ya sa awon ƙasa yake cikin darussan da ba a wasa da su.

Wani abin da nake so Sadiƙu ya je ya gani da idonsa shi ne ƙasan ƙofar ruwa idan an buɗe ta. Ruwan yakan fito siriri da gudu mai tsanani, ya yi 'yar tafiya, sai kwatsam ya yi tsalle ya tashi yana tafasa da kumfa, daga nan ya ci gaba a natse da zurfi. Wannan tsallen ba haɗari ba ne, da gangan ake gina masa wurin da zai faru a kan daɓen kankare, domin a nan ruwa yake zubar da ƙarfinsa. Idan aka yi kuskuren lissafi tsallen ya faɗa gaba da daɓen, zai haƙe ƙasa ta ƙarƙashi har ginin ya rufta. Yawancin kwalbatocin ƙauye da kuke gani sun karye, ta bakin fita suka fara lalacewa.

Alhaji Sale: Bayani ya yi daɗi, amma tambayar aiki tana nan. Kuma tun da an zo nan, Injiniya ka gaya mana gaskiya: duk shekarar da ambaliya ta ci mu, kamar 2018 da 2022, sai a ce an saki ruwan Tiga. Haka ne ko ba haka ba?

Injiniya Rabi'u: Alhaji, zan faɗi yadda abin yake aiki, kowa ya auna. Madatsa tana riƙe ruwa ne iya cikinta. Muddin ba ta cika ba, tana rage mana ambaliya, domin ruwan da zai taho mana a watan Yuli tana tsare shi. Idan ta cika a ƙarshen damina, rarar dole ta fita ta mafitar da aka gina mata, in ba haka ba ruwa ya haura kan bangon ƙasa ya ɓalle shi, wanda shi ne bala'in da ya fi kowanne. Sannan akwai ruwan saman da yake sauka a ƙasa da madatsun, wanda ba abin da yake tare shi, ga kuma kogin da laka da kachala suka rage wa ciki. Waɗannan ukun ne suke haɗuwa a kan Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja. Tambayar da ta dace ita ce ko za a iya rage ruwan madatsa tun da wuri idan hasashen hukumar yanayi ta NiMet da na hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ya nuna damina mai ƙarfi, ba tare da an jefa manoman rani cikin ƙarancin ruwa ba. Wannan lissafi ne mai wuya, kuma ba ya yiwuwa sai da awon ruwan sama da na tsayin kogi na shekaru masu yawa, kullum, ba fashi. A nan muke da rauni ƙwarai, kuma a nan ake buƙatar mutane.

Wuraren aiki kuwa akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, akwai hukumomin ruwan sha da ma'aikatun ayyuka na jihohi, akwai kamfanonin gina hanyoyi, domin babu hanyar da ba ta da gada da kwalbati. Aikin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ya gyara kanal-kanal na Kano da na kwarin Haɗeja, injiniyoyin ruwa ne suka yi shi. Ba zan ce aiki yana jiran kowa a bakin ƙofa ba. Shawarata dai, wanda yake tsoron ƙuncin kasuwa ya shiga ta gine-gine, domin takardarsa za ta buɗe masa hanya da gini da ruwa duka, sannan ya ƙware a ruwa a digiri na biyu. Bayan ya samu gogewar aiki sai ya yi rajista da hukumar COREN, wadda ita take ba mutum izinin amsa sunan injiniya.

Malama Hadiza: A nan na ɗan saɓa da Injiniya. Idan yaro ya riga ya san abin da yake so, shiga sashen ruwa kai tsaye zai ba shi zurfin da ba zai samu a gine-gine ba, inda darussan ruwa suke rabon lokaci da na kankare da ƙarfe da hanyoyi. Kuma ba kowane gida ne yake da ƙarfin digiri na biyu ba. Sannan ina tunatar da iyaye cewa wanda bai samu gurbin jami'a ba yana iya farawa da difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Husaini Adamu da ke Kazaure, daga baya ya nemi shiga jami'a a aji biyu. 'Yan mata ma suna karanta wannan fanni, kada a ɗauka na maza ne kaɗai.

Nafi'u: Ƙarin bayani kan kuɗi, Baffa. Zai buƙaci kwamfuta daga aji uku. Manhajojin da aka fi amfani da su kyauta ne: HEC-RAS ta lissafin kogi da ambaliya, da EPANET ta bututun ruwan sha, duka daga hukumomin gwamnatin Amurka suka fito. Amma malamanmu ba sa barin mu taɓa su sai mun iya lissafin da hannu, domin manhaja duk abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka.

Malam Garba: Ga Sadiƙu nan kusa da ni, yana da tambaya, na ba shi wayar.

Sadiƙu: Ina gaida iyayena da yayyena. Yaya Rabi'u, injin ban-ruwanmu mai inci uku ne, amma da tiyon ya lalace sai aka haɗa masa mai inci biyu, kuma tun daga lokacin ruwan ya ragu sosai, man da yake sha kuwa bai ragu ba. Shin wannan yana cikin abin da ake karantawa?

Injiniya Rabi'u: Yana ciki ƙanena, darasin aji uku ne. Ruwa yana asarar ƙarfi saboda gogar jikin bututu, kuma asarar tana hauhawa da sauri idan bututu ya ƙanƙance. Idan kana son tura ruwa iri ɗaya ta bututun da aka rage wa faɗi da rabi, asarar takan ninka kusan sau 30. Daga inci uku zuwa biyu kuwa takan ninka kamar sau 7, don haka injin yana ƙone mai ne wajen faɗa da tiyo, ruwan da yake fitowa ya ragu. Ku mayar da mai inci uku, ku rage lanƙwasa, ku kuma sauko da injin kusa da ruwa, domin irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8 komai ƙarfinsa.

Kafin ka cike takardar, ga aiki. Ka sami bokiti ko durom da ka san litarsa, ka auna daƙiƙa nawa yake cika da tiyo mai inci biyu, ka sake aunawa idan an samo mai inci uku. Ka kuma yi awon karan da Nafi'u ya kwatanta a wuri biyu, bakin kanal ɗinku da ƙarshensa, a rana ɗaya. Ka turo alƙaluman nan zauren mu lissafa tare, mu ga lita nawa take ɓacewa a tsakani.

Kawu Ɗanladi: Idan ya gama na Auyo, a turo shi Guri ya auna mana namu. Zan sa a kai shi a kwale-kwale har inda hanyar ta toshe.

Malam Garba: In sha Allahu Kawu. Zancen zaɓi tsakanin Zariya da Kano kuma zan je in ga malaminsa na lissafi ranar Litinin tukuna, kamar yadda Malama ta ce. Injiniya, idan da hali ka turo mana jerin darussan sassan biyu, mu sa a gaba mu duba shi da yaron.